Tambaya da Amsa: Samfuranmu na BIM sun ƙi haɗuwa, daga ina za mu fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni injiniyan ruwa da lantarki ne a Kaduna, muna aikin wani asibiti mai hawa uku. Akitek ya yi samfurinsa na BIM, wato siffar ginin a kwamfuta mai ɗauke da bayanan kowane sashe, a manhajar Revit, injiniyan da ke lissafin ƙarfin gini ya yi nasa a Tekla, ni ma na yi nawa. Da muka haɗa su a Navisworks, manhajar da ke gano inda samfura suka ci karo, sai ya fitar da dubban wuraren karo, bututuna suna ratsa bim (kankaren da ke kwance yana ɗauke da dekin) da filla (ginshiƙi). Kowa na cewa nasa daidai ne, ɗan kwangila kuma yana son zuba dekin farko. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Injiniya. Kada yawan adadin ya tayar maka da hankali. Bututu ɗaya da ya bi ta ƙarƙashin bim goma zai iya fitowa a matsayin karo goma ko fiye. Idan ka tattara su bisa hawa da bisa layin bututu, za ka ga ainihin matsalolin ba su kai yadda kake zato ba.

Amma kafin nan, duba ko samfuran uku a wuri ɗaya suke zaune. A nan ne aka fi samun ɓarna. Ku zaɓi mahaɗa guda ta layukan awo da ke kan zanen gini, misali inda layin A ya haɗu da layin 1, ku tabbatar tana kan wuri ɗaya da tsawo ɗaya a duk fayilolin. Ku tambayi safiyo da wane ma'auni ya auna filin, domin a Najeriya wasu na amfani da na Minna, wasu da WGS84 na GPS, kuma akwai tazara mai yawa tsakaninsu. Haka ma matakin bene: akitek yakan auna daga saman tayil, injiniyan ƙarfin gini daga saman kankare. Bambancin santimita 5 kawai ya isa ya cika rahoto da karo na ƙarya.

Idan wannan ya daidaita, sai batun wa zai kauce wa wa. Shawarata ita ce a bar abin da ba ya lanƙwasuwa ya fara zaɓar hanya. Ginshiƙai da bim su ne na farko. Sai bututun bayan gida da na ruwan sama, saboda gangara suke bi, ba a tura su da famfo. Bututu mai faɗin milimita 100 a kan gangarar 1 cikin 80 zai sauka santimita 25 a tsawon mita 20, kuma dole cikin silin ya ɗauki wannan saukar. Bayansu manyan bututun iskar sanyi, sannan na ruwan sha da na kashe gobara, a ƙarshe tiren wayoyin lantarki, wanda ya fi kowa sauƙin karkatarwa. A asibiti ka ƙara da bututun iskar oksijin, kada a manta da shi sai an rufe silin.

Akwai kuma karon da manhaja ba za ta nuna ba sai ka umarce ta. Bawul yana iya zama bai taɓa komai ba, amma babu inda hannun mai gyara zai shiga. Ka sa a gwada tazarar gyara, ba taɓawa kaɗai ba.

Maganar ɗan kwangila ita ce mai gaggawa. Duk inda bututu zai ratsa dekin ko bim, a sa ramin a samfuri, injiniyan ƙarfin gini ya amince da wurinsa da girmansa a rubuce, a sa hannun riga na bututu, wato guntun bututu mai faɗi da ainihin bututun zai bi ta cikinsa, kafin a zuba kankare. Abin da ke ɓata min rai a wuraren aikinmu shi ne a ga lebura da guduma da kurfi yana fasa bim bayan ya bushe, har ya yanke rodi, a gini da marasa lafiya za su kwanta a ƙarƙashinsa. Gara a jinkirta zubi da mako guda.

Game da fayiloli, tunda manhajojinku sun bambanta, ku riƙa musaya da IFC, buɗaɗɗen tsarin fayil da ƙungiyar buildingSMART ke kula da shi. Matsaloli kuma ku aika da BCF, tsarin aika bayanin matsala tsakanin manhajojin BIM, maimakon hoton allo a WhatsApp, domin yana kai mutum daidai wurin da ake magana, da sunan wanda zai gyara. Masu Revit su tsaya a kan sigar shekara ɗaya, saboda fayil da aka adana a sabuwa ba ya buɗuwa a tsohuwa.

Ƙa'idar ISO 19650 ta ƙasa da ƙasa kan sarrafa bayanan BIM, wadda sassanta biyu na farko suka fito a 2018, ta raba bayanai gida huɗu: wanda ake kan yi, wanda aka raba wa abokan aiki, wanda aka amince a yi gini da shi, da wanda aka ajiye. Ko da folda huɗu a ma'ajiyar intanet ɗaya kuna iya bin wannan. Sharaɗin shi ne kowa ya gyara nasa samfurin kawai, kuma magini kada ya karɓi zane sai daga gida na uku.

Abin da na ga ya rage muku shi ne mai riƙe da ragama. Ku nemi mai aikin ya naɗa mutum ɗaya da zai haɗa samfuran kowane mako, ya kira ku zama a gaban allo ɗaya, ya rubuta wa kowane karo mai gyara da ranar gamawa. Zaman farko ku taƙaita shi ga dekin da za a zuba da silin da ke ƙarƙashinsa, hawa na sama su jira mako mai zuwa.