Maigidana ya ce babu gobe, ya daina adashe da shan magani

Tambaya: Malam, maigidana ɗan kasuwa ne a Tudun Hatsi, nan Gombe. Wata uku ke nan yana sauraron wasu masu wa'azi a waya. Yanzu cewa yake gobe mafarki ce, babu kowa sai Allah, kuma wanda ya gane haka ba ya tanadi. Ya fita daga adashe, bai sayi taki ba, har maganin hawan jininsa ya ajiye. Hankalina ya tashi. Ilimi ne wannan ko ɓata?

Amsa: Malama, Allah ya kwantar miki da hankali. Kan maganar yana da asali, gindin ne ya ruɓe. Sufaye sun ce sufi ɗan lokacinsa ne. Masu falsafar Adbaita ta Indiya, wato "ba biyu ba", su ma nan suka tsaya: gobe ba ta taɓa riskar mutum sai a siffar tunani, kuma yanzu ake yin tunanin. Tsoron kuɗin makarantar watan Satumba yau yake cin ƙirji.

To amma mene ne ake saki? Nan masu wa'azin waya suke halaka mutane, don sun haddace kalmomin fana'i (ɓacewar kai cikin tuna Allah) da wahadatul wujudi (cewa babu samamme na haƙiƙa sai Allah) ba su zauna gaban malami ko na wata guda ba. Abin da ake saki shi ne riyawar zuciya cewa ita ke riƙe da sakamako. Sababi, wato aikin da mutum ke yi don samun biyan buƙata, ba a sakin sa. Shehu Ibnu Aɗa'illah na Iskandariyya, wanda ya rasu a 1309 Miladiyya, littafi guda ya rubuta kan yar da tadbiri, wato tsara wa kai al'amuran gaba, kuma shi da kansa ya raba tadbirin gida biyu, abin yabo da abin zargi. A wani littafinsa, Hikam, ya ce son barin sababi alhali Allah ya tsayar da kai a cikinsa ɓoyayyiyar sha'awa ce. Annabi (SAW) yana ajiye wa iyalansa abincin shekara, yana cikin Buhari. Annabi Yusuf ya tara hatsin shekara bakwai a zangarniyarsa. Wa ya fi su sanin Allah?

Ko da hujjarsa aka bi, ta kayar da shi. In babu biyu, taki da ƙwayar magani a wajen wa suke? Wanda ya ce zikiri na Allah ne, buhun taki na duniya, ai shi ne ya yi biyun. Kuma na tabbata tuwon dare bai bari ba.

Ga yadda ake aikin. Bayan asuba ya ɗauki minti 10 da takarda, ya rubuta duk abin da ke damun sa game da gaba. Kowanne ya tambaya: akwai abin da hannuna zai yi a kai yau? In akwai, kamar zubin adashe, ya yi kafin azahar. In babu, kamar farashin masara a kaka, ya lura inda damuwar ta tsaya a jiki, ƙirji ko ciki, ya koma kan zikirinsa. Inda ake kuskure shi ne kokawa da tunanin, domin "kada in tuna gobe" shi ma tunanin gobe ne. A bar shi ya zo ya wuce.

Maganin nan kuwa ba ya jiran a gama muhawara. Hawan jini ba ya sallama, sau da yawa shanyewar ɓarin jiki ce alamar farko. Yau ɗin nan a auna shi, ko ya haura 140/90 ko bai haura ba ya koma wurin likitansa. Idan kuma ya kai mako 2 ba barci, ba cin abinci, ba ya son shiga mutane, ko yana cewa ji yake kamar ba shi ba ne a jikinsa, kada a ce masa hali ne na waliyyai. Ki nemi yayansa ko limamin unguwa su raka shi Asibitin Koyarwa na Tarayya nan Gombe, ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa.