Wane Keken Tura Jaka Ya Dace da Mai Taka Filin Golf da Ƙafa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na haura shekara hamsin, kuma na daɗe ina buga golf da ƙafa, jakata a saɓe. Kwanan nan kafaɗa da ƙugu sun fara damuna, musamman a ramukan ƙarshe. Ba na son komawa hawa ƙaramar motar fili, domin tattakin ne ma ya sa nake son wasan. An ba ni shawarar in sayi keken tura jaka, amma na ga iri-iri: mai taya biyu, mai uku, mai huɗu, har da mai batir. Filin da nake bugawa yana da tudu da gangara, motata kuma ƙarama ce. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara lafiya. Shawarar da aka ba ka mai kyau ce, kuma na ji daɗi da ka ce ba ka son barin tafiya da ƙafa, domin wanda ya saba taka fili ya san daɗin da mai hawa mota ba ya samu: kana isowa wurin ƙwallonka ka riga ka ga yadda ƙasa ta kwanta, ka ji inda iska ke kaɗawa, ka yanke shawarar sandar da za ka zaro.

Da farko ka kwantar da hankalinka game da motsa jiki, don mutane da yawa suna ganin kamar sauke jaka daga kafaɗa ragwanci ne. Mai buga ramuka 18 yakan taka kilomita 8 ko fiye, ya danganta da tsawon filin da yadda ƙwallo ke yawo da shi dama da hagu. Dokar wasa, wadda hukumomin R&A da USGA ke kula da ita, ta yarda da sanduna har 14 a jaka. Idan ka haɗa su da ƙwallaye da gorar ruwa da lema da rigar ruwa, nauyin yakan wuce kilo 10 cikin sauƙi, kuma kana ɗagawa kana saukewa a kowane bugu. Wani masanin motsa jiki, Neil Wolkodoff, ya auna 'yan wasa maza 8 a birnin Denver na Amurka a kan ramuka 9. Mai saɓa jaka ya ƙona kalori (ma'aunin kuzarin da jiki ke amfani da shi) 721, mai tura keke 718, mai hawa mota kuwa 411. 'Yan wasan ba su da yawa, amma sakamakon ya yi daidai da abin da jiki ke faɗa: amfanin yana cikin tafiyar, ɗaukar kayan kuwa wahalar baya ce kawai.

Mai taya biyu, ka cire shi daga lissafi. Shi ne tsohon samfuri, wanda kamfanoni irin su Bag Boy suka yaɗa tun shekarun 1940, kuma ja ake yi da hannu ɗaya. Hannun yana baya, kafaɗa a murɗe, ƙugu a karkace, sannan wani ɓangare na nauyin jakar yana rataye a wuyan hannunka saboda babu tayar gaba da za ta tallafe shi. A gangara kuma yakan biyo ka ya riƙa dukan dugaduganka. Yana da sauƙin nauyi da sauƙin naɗewa, ba musu, amma ga mai kukan kafaɗa kamarka ba magani ba ne. Abin da ya sauya al'amura shi ne keken turawa mai taya uku, wanda ya karɓu sosai bayan kamfanin Sun Mountain ya fitar da Speed Cart a 1999. Duk nauyin yana kan tayoyi, hannayenka biyu suna gabanka, bayanka a miƙe.

To, tsakanin uku da huɗu fa? Nan ne aka fi yin gardama, kuma a ganina an fi ba ta muhimmancin da ya wuce kima. Abin da ke hana keke kifewa a gefen tudu shi ne faɗin da ke tsakanin tayoyin baya da kuma yadda jakar ta kwanta ƙasa-ƙasa a jikinsa. Mai taya uku da ke da faɗin gindi ya fi mai huɗu matsattse tsayuwa da ƙafafunsa. Duk da haka kowanne yana da halinsa. Mai huɗu yakan zauna daram idan ka sake shi a wurin da ƙasa ba ta daidaita ba, kuma da yawansu suna naɗewa su zama ƙanana. Sai dai tayoyinsa na gaba sukan zama ƙanana, suna cijewa a doguwar ciyawa ko ƙasa mai laushi, kuma juya shi yana buƙatar ka danna mariƙin ƙasa ka ɗaga gabansa. Mai uku yakan zo da manyan tayoyi, ya fi saurin gungurawa, ya fi haye saiwar bishiya da 'yan kwazazzabai ba tare da ya girgiza sandunanka ba.

Abin da ya fi yawan taya muhimmanci a filinka shi ne tayar gaba. Akwai mai juyawa ta kowace fuska, akwai kafaffiya. Mai juyawa tana da daɗi ƙwarai a shimfiɗaɗɗen fili da wurin ajiye motoci, da yatsa biyu ma sai ka sarrafa keken. Amma ka bi da ita ta gefen tudu, inda ƙafarka ɗaya take sama da ɗayar, sai ka ga kan keken yana zamewa yana neman gangarawa, kai kuma kana ta kokawa da shi da wuyan hannu har ka fita daga wurin. Ka yi haka a rami biyar ko shida, kafaɗar da kake lallaɓawa ta sake tashi. Kafaffiyar taya tana bin layinta kai tsaye. Idan ranka ya kwanta da mai juyawa, ka tabbata tana da makullin da ke tsayar da ita, kuma makullin yana kusa da hannu. Idan kafaffiya ka zaɓa, ka duba ko tana da notin saiti, domin bayan an sha faɗawa ramuka da ita takan fara ja gefe guda, kuma da wannan notin ake mayar da ita daidai. Gwajin ba shi da wuya: ka ɗora jaka, ka ture keken a shimfiɗaɗɗen wuri ka sake shi, ka ga ko zai tafi a miƙe.

Sai birki. Mai fili irin naka kada ya yi wasa da wannan. Akwai na ƙafa, wanda ake takawa kusa da tayar baya, akwai na hannu a jikin mariƙi. Na fi son na hannu ga mai tudu, domin a gangara ba ka son tsayawa da ƙafa ɗaya kana laluben feda alhali keke mai nauyin kilo 20 da kayansa yana janka. Ka sani cewa a yawancin kekunan nan birkin na tsayarwa ne, yana kulle taya bayan an tsaya, ba ya rage gudu ana cikin tafiya. Don haka ka saba ajiye keken a gicciye da gangarar, kada ka bar hancinsa yana kallon ƙasa, ko da ka sa birki. Keken da ya kuɓuce ya gangara cikin tafki da jaka da waya da makullin mota abu ne da masu aikin fili suka saba gani.

Mariƙi kuma ya zama mai ɗagawa da saukewa. Ka saita shi yadda gwiwar hannunka za ta ɗan lanƙwashe, hannayenka kusa da tsayin cibiya. Idan ya yi ƙasa za ka yini a duƙe, idan ya yi sama kafaɗunka za su ɗage. Ka kuma yi tafiya da shi da cikakken takunka, ka ga ko ƙafarka tana bugun sandar da ta haɗa tayoyin baya. Dogayen mutane sun fi fama da wannan, kuma ba a gane shi sai an taka.

Yanzu maganar motarka, wadda a wurina ita ce za ta yanke hukunci. Kafin ka kalli kowane keke, ka sa jakarka a but kamar yadda ka saba, ka ɗauki tef ka auna tsawo da faɗi da zurfin wurin da ya rage. Kekunan suna naɗewa iri biyu: wasu su dunƙule kamar akwati, wasu su kwanta shafal yadda za a ɗora jaka a kansu ko a jingina su a bayan kujera. A ƙaramar mota mai kwanciya shafal ya fi shiga sau da yawa, amma awon ne zai gaya maka. Wasu ana cire musu tayoyi da danna maɓalli ɗaya, abin da ke rage girmansu sosai, sai dai ka tambayi kanka ko za ka jure cirewa da mayarwa kullum, musamman idan tayoyin sun kwaso laka. Nauyin keken da babu batir yakan kama daga kilo 6 zuwa 10. A kan ciyawa ba za ka ji bambancin kilo biyu ba, amma lokacin da ka sunkuya za ka ɗaga shi ka tura cikin but, bayan awa huɗu kana tafiya, nan ne ƙugu ke jin sa. Ka naɗe shi ka buɗe da hannunka sau uku ko huɗu kafin ka biya. Idan sai an tsuguna an zare ƙugiya nan an murɗa can, zai gundure ka, ka koma saɓa jaka. Akwai masu buɗe kansu da zarar an ɗaga, kamar Nitron na Bag Boy, kuma ga mai ciwon baya wannan ba ƙawa ba ce.

Kada ka manta da jakar kanta. Tunda ka saba saɓawa, ina kyautata zaton taka mai ƙafafu biyu ce da ke buɗewa idan an dangwarar da ita. Irin wannan ba kowane keke take zama a kai lafiya ba: ƙafafun sukan tokare maƙalin jaka na sama, jakar ta riƙa juyawa har aljihunta su koma ƙasa, ko gindinta ya danne ya tura ƙafafun waje. Wasu kekunan an yi musu gurbi musamman don ƙafafun. Ka tafi da jakarka cike da sanduna, ka ɗaure ta sama da ƙasa, ka girgiza. Idan ta zauna, ba ka bukatar sabuwa. Jakar da aka yi don keke tana da aljihu duk a gaba, ta fi daɗin amfani, amma ta fi girma da nauyi, kuma ga ƙaramin but wannan wata matsala ce. Sannan akwai jarabar da ke kama duk wanda ya sauke jaka daga kafaɗa, wato cika ta da kayan da bai taɓa ɗauka ba. Ka tuna kai ne dai za ka tura ta ka hau tudu.

Tayoyin yawancin kekunan yanzu na roba ne ko soso mai tauri, ba a ba su iska, ba sa faci, kuma hakan ya wadatar. Mazaunin lema yana da amfani a rana da ruwa. Sauran tarkacen, irin su maƙalin waya da akwatin sanyaya ruwa da 'yar kujera, ana iya ƙara su daga baya, kada su ruɗe ka. Abin da zan so ka tambaya maimakonsu shi ne ko ana samun kayan gyara: taya, wayar birki, maɗauri. Su ne ke fara lalacewa, kuma keke mai ƙarfen alminiyom da ake samun kayansa yakan yi shekaru yana aiki.

Mai batir ya cancanci ka yi tunani a kansa tunda ka ambaci tudu. Kamfanonin Ingila irin su PowaKaddy da Motocaddy sun yi suna a nan, kuma batirin litiyom ya rage nauyin da tsofaffin batura masu darma suke da shi. Ana sayar da batir na ramuka 18 da na 36. Shi ke jan kansa ya hau tudu, kai kana biye da shi hannu a sake, wasu ma da rimot ake tafiyar da su. Idan za ka ɗauke shi, ka nemi mai riƙe gudu a gangara, domin wanda ba shi da wannan sai ka riƙa janyo shi baya da ƙarfi. Amma ya fi nauyin ɗagawa, ya fi cin wuri, sai an tuna da caji, batirin kuma yana da iyakar rayuwarsa. Idan hawan tudun ne ke sa ka haki har bugunka ya lalace, ko kuma ciwon ya ci gaba ko da turawa kake yi, to mai batir ne naka. Idan ɗaukar kaya ce kawai damuwar, na hannu ya ishe ka. Ciwon kuwa, idan ya ƙi lafawa bayan ka daina saɓa jaka, ka je likita ya duba, kada ka ɗora wa keke aikin da ba nasa ba.

Da ni ne a matsayinka, mai taya uku zan ɗauka, mai faɗin baya, da kafaffiyar tayar gaba ko mai makulli, da birkin hannu, wanda awo ya nuna zai shiga but tare da jaka. Idan filinku yana ba da hayar keke, ko wani abokin wasa zai ara maka nasa, ka zaga ramuka 9 da shi tukuna, ka bi ta wuraren da suka fi tsauri.

Idan ka fara amfani da shi, kada ka hau da shi kan lallausar ciyawar da ke kewaye da rami, ko dandalin bugun farko, ko bakin ramin yashi. Ka ajiye shi ta ɓangaren da za ka fita zuwa rami na gaba, don kada na bayanku su tsaya jiranka. Wasu filayen suna hana keke idan ƙasa ta jiƙe sosai, saboda haka ka riƙa tambaya bayan ruwan sama. A dokar wasa kuwa keken yana cikin kayanka: tun gyaran dokoki na 2019, idan ƙwallonka ya buge shi bisa kuskure babu hukunci, ka buga daga inda ya tsaya, amma idan da gangan ka ajiye shi don ya tare ƙwallo, akwai hukunci a kanka.