Amsa ga mai tambaya kan inshorar lafiya ta al'umma

Malama, kin tambaya ko marasa lafiya na jin daɗin kulawar da ake musu a irin inshorar nan ta karo-karo, tunda ana so a kafa a garinku. Gaskiya abin fuska biyu ne, bari in ba ki misalin Ruwanda don su ne suka fi nisa a harkar. Sun fara gwajin tasu inshorar ta karo-karo, mai suna Mutuelle de Santé, a gundumomi 3 a 1999, yanzu yawancin 'yan ƙasar na ciki, talaka tilis gwamnati ke biya masa, sauran su biya na shekara, in mutum ya je ƙaramin asibiti ya ba da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, a babban asibiti kuma kashi 10 cikin 100 na kuɗin. Ta fannin aljihu kam mutane sun gode Allah, mace na naƙuda ba sai an sayar da akuya ba.

Amma inda ƙorafin yake shi ne magani. Ki sha layi tun safe, likita ya rubuta, a ce babu a famasin asibiti sai ki je kemis da kuɗinki, wallahi wannan ke karya wa mutane gwiwa har su ƙi sabunta kati. Sau da yawa kuma ba laifin nas ba ne, asusun inshorar ne ke jinkirin biyan asibiti, asibiti ya kasa sayo magani. A Gana ma masu katin NHIS, wato inshorar lafiya ta ƙasar, haka suke kuka.

Don Allah kafin ku zuba ko sisi ku tambaya wa zai riƙe kuɗin, kwana nawa ake biyan asibiti, kuma waɗanne cututtuka ne ba sa ciki.