TAMBAYI LIKITA: Na gama gyaran haƙora, wai har yanzu sai na riƙa kwana da roba a baki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita, barka da ƙoƙari. Dan Allah ina da tambaya, na yi gyaran haƙora da robar nan mai kamar gilashi ta Invisalign, haƙorana sun jeru alhamdulillah har wushiryata da ta yi faɗi da yawa ta rufe. Toh da na gama sai aka sake bani wata robar wai ritena, in riƙa sawa kullum, ni kuma wallahi na gaji, tun lokacin bikin yayata na ajiye ta yanzu wajen wata biyu kenan, jiya na gwada sai naji ta matse ni sosai kuma kamar wushiryar ta fara dawowa. Wai dole ne sai na cigaba da sawa, kuma har yaushe? Daga ƙanwarka a Kaduna.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Eh dole ne, kuma matsewar nan da kika ji tana nuna haƙoran sun fara motsawa, dan haka kar ki ƙara sati baki koma wajen likitanki ba.

Kinga haƙori ba a kafe yake cikin ƙashi kamar ƙusa ba, wasu siraran jijiyoyi ne suke riƙe da saiwarsa a cikin muƙamuƙi. Lokacin da kike sa robar gyara awa 20 zuwa 22 a rana, ƙashin yana narkewa ta gefen da ake tura haƙorin yana kuma sake ginuwa ta bayansa, shi yasa ya matsa. Ranar da aka ce kin gama, jijiyoyin saiwa na buƙatar wata 3 zuwa 4 kafin su daidaita, na dasashi kuwa suna iya kaiwa shekara suna jan haƙorin zuwa tsohon wurinsa. Wushirya ma tana cikin abubuwan da suka fi saurin dawowa. Bayan haka ko mutumin da bai taɓa gyara ba haƙoransa na ƙasa na gaba suna ƙara cunkushewa da shekaru, shi yasa likitoci da yawa yanzu suke cewa a sa ritena dare da rana a watannin farko, daga nan da dare kawai, muddin kina son haƙoran su zauna a jere. Nasan ba abinda kike son ji bane amma gaskiyar kenan, kuma yana min ciwo inga an kashe kuɗi masu yawa an sha wahala sannan gyaran ya lalace saboda robar kwana.

Yanzu ga abin yi. In robar tana shiga ta zauna har ƙarshe ko da da matsi, ki cigaba da sawa dare da rana kafin ki ga likita, sau da yawa matsin yana raguwa cikin 'yan kwanaki. In kuma ta tsaya rabi, ko sai kin cije ta da ƙarfi, ki barta, zaki iya fasa ta ko ki ji wa dasashi ciwo, sai dai a auna miki sabuwa ko a ɗan sake gyara.

Tunda matsalarki wushirya ce ki tambayi likita batun ritena ta waya, siririyar waya ce ake mannawa a bayan haƙoran gaba, ba a ganinta kuma ba maganar mantuwa, sai dai tana tara datti dole ki dage da zaren sakace, kuma in ta ɓalle ko ta gefe ɗaya ki koma da wuri. Akwai kuma ta Hawley mai waya a gaba da faranti a ganɗa, ta fi ta roba ƙarko amma ana ganinta.

Ta robar kuwa kar ki kuskura ki wanke ta da ruwan zafi ko ki barta a mota cikin rana, lanƙwashewa take. Ruwan sanyi da buroshi mai laushi da ɗan sabulun ruwa sun isa, man goge baki yana kankare ta ta dishe. Ki cire kafin cin abinci ko shan shayi, goro ma haka. Kuma ki sa ta a akwatinta, wadda aka naɗe a tishu wajen cin abincin biki yawanci da kwanuka ake kwashe ta a zubar. In kina cizon haƙora cikin barci ki faɗa wa likita, dan irin wannan yana huda robar da wuri sai an canza.