Da wa za mu haɗa kai don yara su tattara tarihin yankinsu?

Tambaya: Ni ce shugabar wata makarantar firamare. Muna so 'yan aji biyar da shida su tattara tarihin yankinmu, kamar tsofaffin sunayen wurare, sana'o'in da suka fara ɓacewa da labaran dattawa. Ƙungiyar iyaye da malamai ta amince, kuma wani ɗan kasuwa ya yi alkawarin kuɗi idan za a sa sunan kamfaninsa a bangon littafin da za mu buga. Sai dai malamai biyu kaɗai ke da lokacin aikin. Da wa za mu fara magana, kuma yaya za mu yi kada abin ya mutu da zarar an yi bikin ƙarshen zango?

Amsa: Malama, Allah ya yi jagora. Shawarata ita ce ki ajiye maganar ɗan kasuwan tukuna, ki fara neman wanda zai riƙe kayan bayan yaran sun gama. Ko ɗakin karatu na jama'a ne, ko gidan tarihi, ko ma'ajiyar takardun gwamnati, ko sashen tarihi na wata jami'a mafi kusa da ku. Irin waɗannan ayyuka ba kasafai rashin kuɗi ke kashe su ba. Abin da ya fi faruwa shi ne a naɗi muryoyin a wayar malami guda, a yi masa canjin makaranta ko wayar ta lalace, shi ke nan an yi asarar komai.

Akwai misalin da ya kamata ki sani, don makarantun firamare irin taki ne suka yi shi. Tsakanin 1937 da 1939, hukumar tattara al'adun gargajiya ta ƙasar Ayilan ta haɗa hannu da ma'aikatar ilimi da ƙungiyar malaman firamare ta ƙasar. Yara fiye da 50,000 daga makarantu kusan 5,000 suka riƙa zama da iyaye da kakanni da maƙwabta, suna rubuta tatsuniyoyi, karin magana, magungunan gargajiya, wasanni da tarihin sana'o'i. Abin da suka tara ya kai shafi kusan 740,000. Yau yana ajiye a jami'ar UCD da ke Dablin, an ɗora mai yawa daga cikinsa a intanet, kuma a 2017 UNESCO, hukumar ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta shigar da tarin hukumar ta Ayilan cikin kundinta na muhimman takardun duniya. Fensir da littafin rubutu ne kayan aikin yaran nan. Abin da ya raya aikin shi ne tun farko an san inda littattafan za su je, an bai wa malamai ɗan littafin jagora mai jerin abubuwan da za a tambaya, sannan ana rubuta sunan wanda ya ba da labari da inda yake zaune, sau da yawa har da shekarunsa. Saboda wannan ne jika yake iya buga sunan kakarsa yanzu ya ga abin da ta faɗa wa wani yaro shekara tamanin da wani abu da suka wuce.

To, idan kin je wurin masu ajiyar, kada ki tsaya a kan neman izinin kawo ziyara. Roƙe su su aiko ma'aikaci ya yi yini guda da malamanki biyu, ya nuna musu yadda ake lakaba wa kowane faifai suna da kwanan wata, da irin takardar yarda da su za su karɓa. Su faɗa miki abin da za su iya riƙewa da wanda ba za su iya ba. Waya ta isa wurin naɗar murya, in dai an zauna inda babu hayaniya kuma an kwafe faifan a ranar. A ajiye kwafi uku, ɗaya daga ciki a wajen makarantar.

Bayan su sai dattawan, kuma a nan ne nake so ki fi ba da hankali. Makarantu kan ɗauke su tamkar rijiyar da za a ɗebi ruwa a wuce, alhali ilimin nasu ne, aro kuka zo yi. Yarjejeniyar UNESCO ta 2003 kan kare al'adun da ba a iya taɓa su da hannu, irin su tatsuniyoyi, waƙoƙi da ilimin sana'o'i, ta tanadi a sa al'ummomin da ke riƙe da al'ada cikin aikin kare ta, sannan ƙa'idojin UNESCO da aka amince da su a Namibiya a 2015 suka ce a nemi yardarsu tun kafin a fara, ba tare da matsi ba, bayan an yi musu cikakken bayani, kuma yardar ta ci gaba har ƙarshen aiki. A aikace, wannan na nufin dattijo ya san ko muryarsa za ta hau intanet, yana da damar cewa a cire wani sashe ko a sakaya sunansa, kuma a karanta masa abin da yaro ya rubuta kafin a buga. Wanda ba ya karatu a naɗi yardarsa da bakinsa a farkon faifan.

Ki sa biyu ko uku daga cikinsu a kwamitin aikin, maza da mata, su taya ku zaɓar abin da za a bincika. Ki kuma lura da wanda ake turo muku. In kika bar wa manyan gari zaɓin, za a kawo miki waɗanda suka saba magana a taro, su ba da tarihin shugabanni da manyan gidaje. Wanda ya san yadda aka yi rijiyar unguwa ta ƙafe, ko tsohuwar da ta yi shekaru tana karɓar haihuwa, ko baƙin da suka zauna tun kakanninsu, ba za su zo ba sai an je an same su. Za ku kuma ci karo da labari biyu masu saɓani a kan abu guda. Kada malami ya yanke hukunci. A rubuta duka biyun da sunan wanda ya faɗa, yaran su koyi tambayar "wa ya gaya maka, shi kuma a ina ya ji?" A ganina babu darasin tarihin da ya fi wannan amfani ga ɗan shekara goma sha ɗaya. Abin da ya shafi rikicin fili ko gaba tsakanin dangi kuwa, a bar shi, ba aikin yara ba ne.

Ƙarancin malamai iyaye ne za su cike shi. Kowace fita a samu babba guda a kan yara uku ko huɗu, kada yaro ya shiga gidan kowa shi kaɗai, ko da gidan sananne ne, kuma a sami izinin iyaye a rubuce kafin a ɗauki hoton ɗansu. Tsofaffin ɗalibanku da ke sakandare ko jami'a za su yi saurin buga rubutun a kwamfuta. Ki taƙaita aikin shekarar farko a kan jigo ɗaya, misali sunayen wurare, don shi yana haɗa tarihi da labarin ƙasa da harshe, yana kuma ƙarewa da taswirar da yara suka zana da hannunsu.

Shi kuma ɗan kasuwan, a karɓi taimakonsa da godiya, amma a rubuta sharaɗi a takarda guda. Kuɗin na bugawa ne da sufuri, sunansa zai fito a shafin godiya, ba shi da hannu a abin da ke cikin littafin, kuma ba zai yi talla da hotunan yaran ko muryoyin dattawan ba. Bangon littafin na yaran ne da waɗanda suka ba su labari. In ya ce sai bango, ku buga kwafi kaɗan gwargwadon ƙarfinku, ku fara raba wa dattawan da suka zauna da ku, ku kai ɗaya ma'ajiyar, ku bar ɗaya a aji don 'yan shekara mai zuwa su ɗora daga inda aka tsaya.