Ƙanena, kada ka sayi laktayen nan tukuna

Na ga saƙonka, na kuma yi murna da gurbin karatun da ka samu a Oksfod. Allah Ya sanya albarka. Ka ce ka ga wani laktaye a intanet mai ƙananan garkuwoyi jere a jiki, ya burge ka, kana so ka saya tun daga gida don ka sauka da shirinka. Ka dakata har ka iso.

A Ingila laktaye mai tambari ko mai ratsi-ratsi shaida ce ta inda mutum ya fito. Kwalejojin Oksfod sun haura 30, kowace da nata tambari da nata laktaye. Haka makarantun kwana, haka rundunonin soja, haka ƙungiyoyin wasanni. Mai ja da ruwan ɗorawa, misali, na kulob ɗin wasan kurket ne na MCC da ke Landan, inda mutum kan yi shekaru masu yawa yana jiran a karɓe shi. Ka san yadda a Kano ba kowa ke naɗa rawani mai kunne biyu ba. To kusan haka abin yake a wajen dattawansu.

Ni da kaina na gani. A shekarata ta farko na shiga wani shagon gwanjo na sayi laktaye mai ratsin shuɗi da ja mai duhu, don kawai ya dace da kwat ɗina. Ranar wata liyafar cin abincin dare a kwaleji, wani tsoho da ke zaune kusa da ni ya dubi wuyana, fuskarsa ta washe, ya tambaye ni a wace bataliya na yi aiki. Ashe launin dakarun da ke gadin fadar sarautarsu ne. Na gaya masa gaskiya. Bai ce komai ba, ya yi murmushi ya koma kan farantinsa, amma na lura hirar da ya ɗauko da ɗoki ta mutu nan take. Shi ya yi aikin soja, kuma ratsin nan a wajensa yana tuna masa da abokan da ya rasa. Ban sake ɗaura shi ba.

Za ka ji wasu na cewa wannan tsohon yayi ne, babu dokar da ta hana, kuma yawancin matasa ba su san bambancin ba. Gaskiya ne, babu wanda zai tare ka a titi. A Amurka ma abin ya fi sauƙi. Ɗaliban Harvard da Yale da Princeton sun ɗauki salon suka mayar da shi ado kawai, suna sa masu hoton agwagwa ko kifi ko garkuwar da ba ta kowa ba ce. Kamfanin Brooks Brothers ma ya juya ratsin: na Ingila yana gangarowa daga kafaɗar hagu zuwa dama, nasu daga dama zuwa hagu. Amma kai Ingila za ka zo, kuma baƙo ne kai. Ni a ganina, abin da kake da haƙƙinsa ka sa shi da alfahari, na wasu kuma ka bar musu.

Abin da za ka fara buƙata ma ba mai tambari ba ne. Ranar rantsar da sababbin ɗalibai da ranakun jarrabawa akwai shigar dole da suke kira sub fusc: kwat mai duhu, farar riga, baƙin takalmi, rigar jami'a a sama, sai baƙin laktaye zalla ko ɗan ƙaramin nan mai siffar malam-buɗe-littafi, fari ko baƙi. Wannan ka tanada. Na kwalejinka kuwa, idan ka iso ka leƙa shagon Shepherd & Woodward a kan High Street ko Walters a Turl Street, ka faɗi sunan kwalejin, su miƙo maka.

Kafin ka biya, juya bayansa ka karanta ɗan ƙyallen da ke jiki. Da yawa alharini ne zalla, kuma ka san hukuncin alharini ga namiji a wajenmu. Akwai na foliyesta, ya fi araha, kuma daga nesa ba mai bambancewa. Sannan ka duba tambarin da kyau, don na wasu kwalejojin, kamar Christ Church da University College, akwai gicciye a tsakiya. Idan ranka bai kwanta ba, ɗauki mai ratsi kawai ko gyalen wuya mai launin kwalejin, wanda ma zai fi yi maka amfani idan sanyin Nuwamba ya shigo.

Ka sako kaftani biyu masu kyau da hulunanka a akwati. Na sha zuwa liyafar kwaleji da su, kuma a ranakun ne mutane suka fi tsayar da ni suna tambayar daga ina nake. Ka gaida su Baba, ka kuma turo mini ranar da jirginku zai sauka a Heathrow.