Amsar Baffa kan zauren da kuke shawarar ginawa

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Saƙonka ya iso ni tun ranar Talata, na bar shi ya kwana biyu domin ba tambayar da ake amsawa a tsaye ba ce. Ka ce ku goma sha ɗaya, abokan karatu da na sana'a, kun haɗa kuɗi kun yanki filaye wuri guda a hanyar Wamakko don ku zauna tare, 'ya'yanku su tashi tare, kuma fili ɗaya ya rage a tsakiya. Wasunku sun ce a gina zaure na kowa da kowa, wasu sun ce a yi shaguna, tunda kowa zai yi falo a gidansa, ga masallaci kuma kusa. Kana son sanin inda al'adar zaure ta samo asali, da abin da ya sa muka hana a rushe na gidan kakanka.

Zaure ya girmi jihadi, Hausawa na gina shi tun kafin a haifi Shehu Usmanu a Maratta a 1754. Amma mu Sakkwatawa akwai abin da ya ƙara masa nauyi a wurinmu. Waɗanda suka cika garin nan ba gadon zama tare suka yi ba, zaɓa suka yi, kamar ku. Tun Shehu yana Ɗagel mutane ke barin garuruwansu suna zuwa gare shi, Fulani da Hausawa da Buzaye, har aka san su da suna guda, Jama'a. Ba jini ya haɗa su ba, zaman da ake yi gaban malam ne. Ɗansa Muhammadu Bello ya ba da labarin cewa idan Shehu zai fito wurin mutane yakan tsaya kaɗan daga cikin gida ya sabunta niyyarsa, sannan ya fito da sakin fuska ya yi sallama. Mahaifina, kakanka, daga nan ya ɗauki ɗabi'ar tsayawa a shigifa kafin ya leƙo zaure. Ina yaro na ɗauka rawaninsa yake gyarawa.

A 1804 aka yi hijira zuwa Gudu, mutane suka bar gidaje da gonaki. A 1809 Bello ya kafa birnin Sakkwato, Shehu ya taso daga Sifawa ya shigo a 1815, ya rasu a 1817, aka rufe shi a gidansa, inda ake kira Hubbare yau. Ka auna birnin da kusan kowa a cikinsa baƙo ne. A ina wanda ya taso daga Zamfara zai san wanda ya taso daga Adar? A zaure. Nan ake karatu, nan ake cin tuwo, nan ake neman aure, har baƙunta ta koma maƙwabtaka, maƙwabtaka ta koma surukuta.

Namu na gida da tubali aka gina shi, rufinsa na asali ɗaurin guga ne, an jera azara ta giginya an lanƙwasa bakan gizo huɗu sun haɗu a tsakiya, aka shafe bayansa da makuba don ruwa. Gara ba ta cin azara, shi ya sa ya ga jikoki. Ƙofa biyu gare shi kuma ba sa kallon juna, don wanda ke zaune kada idonsa ya faɗa cikin gida. Namiji baligi da ba muharrami ba iyakarsa nan, ya yi sallama, a aiko yaro. Kullum akwai randa da moɗa a gefe, da tabarmi, da buzun kakanka wanda babu mai hawa. Da asuba karatun manya, da hantsi yara da allunansu, bayan magariba kowane ɗaki a fito da akushi a haɗa a ci tare. Wannan ciyayyar ita ce asirin wurin. Idan kwanon wani gida bai fito ba kwana biyu, babu mai tambaya a bainar jama'a, sai dai a ga an aika masa da damin gero da dare.

A zauren nan aka raɗa maka suna da sassafe, aka raba goro. A nan aka ɗaura auren mahaifinka, a nan muka karɓi gaisuwar rasuwarsa, Allah ya jiƙansa. Amma abin da ya fi zauna mini a rai shi ne farin 1973, shekarar da naira ta fito. Mutane suka gangaro daga Nijar, dabbobinsu sun ƙare, wasu ko Hausa ba su ji sosai. Zaurenmu ya yi watanni cike da su. Ba wanda ya nemi iznin kakanka, domin ba a neman iznin kwana a zaure. Sallama kawai suka yi. Har yau jikokin ɗaya daga cikinsu na kawo mana cuku idan sun shigo gari.

To, ka ga inda falo ya gaza. Falo na mai gida ne, yana bayan get, sai wanda aka buɗe wa. Talaka mai jin nauyi ba zai ƙwanƙwasa ba. Masallaci kuwa ɗakin Allah ne, ba a ciniki a ciki, ba a ɗaga murya kan rabon gado ko iyakar fili, kuma ba nan za ka zaunar da surukai biyu da suka saɓa su amayar da abin da ke cikinsu ba. Ku goma sha ɗayan nan za ku saɓa, ko kan yara, ko kan kwata. Ina son ranar ta same ku da wurin da ba na ɗayanku ba.

Wani kuskure na yi da nake son ka kauce masa. Da rufin namu ya fara yoyo, ina cikin waɗanda suka dage a sauke shi a buga kwano, wai ci gaba. Tun daga ranar, idan bazara ta kama, babu mai iya zama ciki daga azahar zuwa la'asar, tsofaffi suka koma gindin dogon yaro, karatun rana ya mutu. Har gobe abin na ci mini rai. Ku nemi magini da ya san aikin ƙasa, ko da siminti za ku yi, ku ɗaga rufin, ku yi bango mai kauri da tagogi a sama.

Kada kuma ku manta da matanku. Nana Asma'u, ɗiyar Shehu, ta tara mata 'yan taru, ta naɗa musu shugabanni mata da ake kira jaji, masu malafa, suna kai karatu ƙauyuka. Ku ware musu ranakunsu a zauren, na karatu da na shawararsu, kada ya zama sai abin da maza suka rage.

Ƙofar ta kalli hanya, kada a sa ta cikin katanga. Randa ta zauna da ruwa, ku yi karɓa-karɓa wajen cika ta. Shaguna kuwa, idan akwai sarari, ku yi ɗaya a gefe, kuɗin hayarsa ya tafi ga tabarmi da fitila da yaɓe. Ranar Juma'a idan an sauko daga masallacin Shehu ka biyo da abokan naka, azarar da muka sauke tana nan jingine a bayan gida, in nuna muku yadda ake ɗaura ta. Ka gaishe mini da ɗiyata da yara.